Ƙoƙo a Kafar Darni

Goggona, ƙanwar mahaifina, ta haura shekara arba'in tana tatsar awaki a wani ƙauye na ƙasar Kebbe, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin wani ya yi mata godiya a gaban jama'a ba. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni malamin makaranta ne a Tambuwal, Hausa nake koyarwa, ina kuma da zafin zuciya da son rubutu, abubuwa biyu da bai kamata su haɗu a jikin mutum ɗaya ba. Burina shi ne a yaba wa matar nan tun tana da rai, ta ji da kunnenta.

A wajenmu nono na saniya ne. Matan Fulani ke kawo shi kasuwa, kowa ya saya ya dama furarsa. Akuya kuwa ana kiwonta ne don suna, ko biki, ko ranar da gida ya shiga matsi a ja ta kasuwa. Ba wanda ke tsugunawa a gindinta da ƙwarya. Goggo ce kaɗai. Ɗanta na fari ya rasu yana jinjiri saboda nononta ya ƙafe bayan wani zazzaɓi, sai daga baya wata tsohuwar Bafillata ta gaya mata cewa da an tafasa masa na akuya, wataƙila da ya riƙe shi. Ba ta sake samun ɗan da ya rayu ba. Ta sayi jar akuya guda, daga ita garken ya taso, mijinta ya rasu ya bar ta da su.

Ga yadda abin yake gudana. A bayan turakun awakinta akwai wata kafa a jikin darni, ƙasa-ƙasa, daidai shigar hannu da ƙoƙo. Duk gidan da mai jego ta rasu, ko ta kwanta ciwo, ko nononta ya ƙi zuwa, tsohuwar gidan za ta bi ta bayan gari bayan sallar asuba, ta tura ƙoƙo ta kafar nan a rufe da faifai, ta wuce abinta. Goggo ta tatsa, ta tafasa, ta bar shi ya huce, ta cika ƙoƙon ta mayar inda ta same shi. Kafin rana ta ɗaga an ɗauke. Babu sallama, babu sannu. Ta san kowane ƙoƙo da gidansa, wannan da ɗinkin da aka yi masa a baki, wancan da ƙunar da ke gindinsa, amma in ta haɗu da masu shi a rijiya sai su gaisa a kan ruwa da zafi kamar babu komai a tsakaninsu. Ranar da ƙoƙo ya daina zuwa, ko dai yaron ya kama koko, ko kuma za ta ji ana gaisuwar rasuwa a gidan.

Dalilin ɓoyon ba wani abu ba ne sai kunya. Mutanenmu sun ɗauka yaron da ya sha nonon akuya zai tashi da rawar kai, ba ya zama wuri ɗaya, ba ya jin kwaɓa. In ya hau katanga a ce akuyar ce ta motsa. In mace ce, dangin miji su riƙa zunɗe. Ga kuma gorin da za a yi wa uwar cewa ta kasa shayar da abin da ta haifa. Ni da na yi karatu na raina wannan magana ƙwarai, ina kiranta shirme a gaban kowa.

Aikin ba ƙarami ba ne, kada wani ya ji tatsa ya zaci wasa. Akuya ba ta ba da nono sai ta haihu, don haka Goggo ba ta barin bunsuru ya yi yadda ya ga dama. Tana ɗaure shi gefe, ta san wadda za ta kai masa a wannan wata da wadda za ta jira, don kada a wayi gari duk garken babu mai nono. Da yamma ta kife 'yan awakin a ƙarƙashin babban kwando, su yi ta kuka har safe, don hantsa ta cika. Da rani tana yawon tsintar 'ya'yan gawo da buhu a ka. Da kaka ta tara harawa a kan rumfa. Dusa da ruwan kanwa kullum, ruwan ɗumi na wanke hantsa kullum. Ba ta taɓa kwana a wani gari ba, ko rasuwar mahaifina wuni ta yi a Tambuwal ta koma. Ladan da ta samu a wajen mutane shi ne suna: mai ƙarnin awaki. In ta shiga gidan biki sai ka ga mata suna gyara zama, kowa na jan tabarmarta.

Ni ma ina da nawa turken. Kowace safiya bayan asuba, kafin in tafi makaranta, sai na cika shafi biyu a littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Shekara goma sha ina haka. Akwatin ƙarfe guda ya cika, gara ta ci na ƙasa. Na aika gasa, na aika jarida, ko amsar an gani ban taɓa samu ba. A ofishin malamai in na shigo sai wani ya ce a ba marubuci kujera, a kwashe da dariya. Sai na riƙa lallashin kaina cewa ni da Goggo jirgi ɗaya ya ɗauko mu, mun yi aiki ba a gani ba. Ita ba ta yarda da wannan haɗin ba. Ta taɓa ganina a tsakar gidanta lokacin hutu na duƙufa a kan littafi, ta tsaya da ƙwaryar tatsa a hannu.

"Malam," ta ce, don haka take kirana in tana son tsokana, "wanga abu da kaka yi kullum, shan shi aka yi ko ci?"

Na ce karantawa ake yi.

"To, Allah shi kawo masu karatu. Ni dai abin da nika yi, ana sha."

Abin da ya tunzura ni wani biki ne. Ana aurar da wani saurayi a ƙauyen, ni kuma na san wata uku cur ƙoƙon gidansu yana zuwa kafar darni lokacin yana jinjiri, don a lokacin ina zuwa hutu ina gani. Na leƙa cikin gida zan yi wa Goggo sallama, sai na tarar da ita a bakin ƙofa kusa da takalma, ita kaɗai. Uwar ango ta raba wa kowa shinkafa, sai can da aka kankare tukunya aka miƙo mata ƙanzo a murfin kwano. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya. Ita ce ma ta yi godiya. Na hau babur na koma Tambuwal raina a ɓace, har ban san lokacin da na wuce mararraba ba.

Cikin mako guda na rubuta labarinta. Shi ne abu mafi kyau da na taɓa rubutawa, har yau ban fasa faɗin haka ba, kuma wannan na cikin abin da ke damuna. Ban sa sunan kowa ba, ina ganin na yi wayo. Amma na ce akwai telan da ke ɗinki a gefen masallaci, wanda ba don ita ba da bai kai ga taka keke ba. Na ce akwai tagwayen gidan da ke gindin tsamiya. Na ce akwai angon da uwarsa ta ba ta ƙanzo. Na bayyana kafar darni, da faifai, da lokacin da ake zuwa. Ƙauyen da tela ɗaya ne, tsamiya ɗaya, aure ɗaya aka ɗaura a watan. Na aika wa wani shirin rediyo da ke karanta rubutun masu saurare, na faɗi sunan garin don a san ba ƙirƙira na yi ba.

Aka karanta shi wata Juma'a da la'asar, tun daga farko har ƙarshe, aka kira sunana sau biyu. Wayata ba ta huta ba. Ran Litinin shugaban makaranta ya ambace ni a gaban ɗalibai, mai cewa a ba marubuci kujera ya tashi ya ba ni hannu. Na ji daɗi, daɗin da ban taɓa ji ba, ba zan ɓoye ba. Mako biyu ina yawo a Tambuwal ana nuna ni, ban ko tuna in je in ga wadda na rubuta dominta ba.

Ranar da na tafi, na ɗaure mata buhun dusa a bayan babur. Na tsaya a rumfar tela na yi sallama, bai ɗago ba, sai ƙara wa keken gudu ya yi. Ina tsaye wasu samari suka wuce, ɗaya ya kalli rumfar ya yi kukan akuya, sauran suka fashe da dariya. Telan nan magidanci ne mai 'ya'ya. Na ga wuyansa ya kumbura.

Na tarar da Goggo a wajen turaku tana cire wa wata akuya ƙaya a kofato. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa lafiya lau, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta saki ƙafar akuyar sannan ta ce:

"Na ji ka ga rediyo."

Na ce don a san darajarta na yi.

"Wa yac ce maka ba a sani ba? Da ba su yarda da ni ba, da sun aje ƙoƙonsu bayan gidana? Shekara nawa, ko mijina ban taɓa gaya mai ƙoƙon wane na wanga ba."

Na fara bayani a kan jahilci da butulci, irin bayanin da nake yi wa ɗalibai. Ta bar ni na gama.

"Ka ƙirga gidan tela, ka ƙirga tagwaye, ka ƙirga ango. Ni ko na kasa kunne ina jiran in ji gidanku, har anka gama ban ji ba. Wata fuɗu kana shan nonon jar akuyata, sa'ad da uwarka taka kwance. Ko ba a gaya maka ba?"

An gaya mini. Tun ina yaro na sani, mahaifiyata ce ta faɗa mini da bakinta, ta ce kada in kuskura in faɗa a waje. Lokacin da nake rubutun abin ya zo mini, har na rubuta layi biyu, sannan na tuna ofishin malamai da irin dariyar da za a yi, na soke. Ni mai kiran abin shirme, na tona na kowa na rufe nawa. Na sauke buhun dusa na jingine a rumfa.

Ƙoƙo biyu ke zuwa kafin a karanta labarin. Washegarin Juma'ar nan babu ko ɗaya. Yara sun gano kafar, suna laɓewa a bayan gari da safe su ga wa zai zo, to wace tsohuwa ce za ta yarda a gan ta? Goggo ba ta canza komai ba. Ta tashi, ta wanke hantsa, ta tatsa, ta tafasa, ta je ta duba kafa, ta dawo. Madarar ta yi tsami a ƙwarya, ta sha abin da za ta iya, ta ba maƙwabciyarta, saura ta zubar a gindin darni. Na ce ta daina wahalar da kanta, ta saki 'yan awakin su sha abinsu. Ta ce in ta daina tatsa nonon zai janye, ranar da aka zo nema kuma fa?

Maƙwabciyar nan, wata tsohuwa ce sa'arta wadda darni ɗaya ya raba su, ita ta ba ni labarin abin da ya faru da bazara, don Goggo ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba. Wata mai jego a unguwar ta kamu da zazzaɓi, nono ya ɗauke. Surukarta ta wanke ƙoƙo za ta kawo, maigidan ya hana. Suka koma ba jinjirin ruwan koko da madarar gwangwani da ake tsinkawa da ruwa don ta kai kwanaki. Goggo tana jin kukansa daga gidanta, kullum kukan na ƙara siriri. Rana ta biyar ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zuba madara a nata ƙoƙon, ta rufe da mayafi, ta tafi gidan da ƙafarta, ta ƙofar gaba. Maigidan ya tare ta a zaure.

"Koma da abinki, Inna," ya ce mata. "Ba ni son a karanta ɗana ga rediyo."

Jinjirin bai kai arba'in ba. Ni ba likita ba ne, ban san ko madarar za ta riƙe shi ba, kuma kwanan kowa a rubuce yake. Na sha gaya wa kaina haka. Amma maƙwabciyar da ta gama ba ni labarin sai ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, Allah shi yafe muna," na kuma san ba kanta take nufi ba.

Na yi ƙoƙarin gyara. Na je wajen tela na ba shi haƙuri, ya ce ba komai da bakin da ke nuna akwai komai. Na je gidan tagwaye, aka ce maigidan ya tafi gona alhali takalmansa na zaure. Na ce wa Goggo zan sake rubuta wani in faɗi nawa asirin, in nemi gafarar gari. Ta ce in na sake sa ta a rediyo kada in ƙara taka gidanta. Yabon da aka yi mini a Tambuwal kuwa bai yi wata biyu ba ya huce, aka koma maganar ƙwallo da ƙarin girma. Na ci gaba da cika shafi biyuna kowace safiya, don ban san abin da zan yi da hannuna a wannan lokacin ba in ba shi ba.

Da damina ta yi nisa ta kwanta. Tari ne da kumburin ƙafa. Na kai ta asibiti a Tambuwal, ta ƙi kwana, ta ce awaki. Maƙwabciyar ta karɓi tatsa, ni kuma nakan zo ran Juma'a in kwana biyu. Kowace safiya in na shiga gaishe ta, kafin ta amsa sai ta ce, "Ka duba kafa?" In ce na duba. Ba ta tambayar me na gani, fuskata ta ishe ta. Ba yabo take jira ba, ba rediyo ba. Ƙoƙo ɗaya take so ta ga ya dawo kafin ta tafi, ta san gari ya sake yarda da ita.

Wata Asabar na kasa daurewa. Na biya kasuwar Kebbe na sayi ƙoƙo da faifai, na ɓoye a jaka. Da safe na zagaya na tura shi ta kafa, na dawo ta cikin gida na ɗauko, na shiga ɗakinta da fara'ar da na ƙirƙiro, na ce Goggo an kawo. Wallahi sai da ta yunƙura ta zauna, ita da ta kwana uku ba ta iya tashi. Idonta ya yi haske. Ta karɓa, ta juya shi tana neman ɗinki ko ƙuna. Sannan ta kai shi hanci.

Ashe sabon ƙoƙo ɗaci gare shi. Sai an jiƙa shi kwanaki, an kankare, an wanke da ƙasari kafin a zuba abin sha. Kowace mace ta san wannan, ni da na cika akwati da rubutu a kan rayuwar mutanenmu ban sani ba.

"Babu macen da za ta aiko ƙoƙo mai ɗaci don jinjiri," ta ce. Ta miƙo mini shi. "Malam, ko ƙaryar ba ka iya ba."

Ta koma ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Daga ranar ba ta sake tambayata kafa ba, wannan kuma ya fi mini ciwo a kan tambayar.

Ta rasu ana gab da yankan gero. Mutane sun taru ƙwarai. Tela yana cikin masu ɗaukar makara, tagwayen nan duka biyu sun shiga haƙar kabari, angon ya yi ta jigilar ruwa. A wajen zaman makoki kowa ya ce mace ce mai haƙuri, ba ta da abokin faɗa. Na kasa kunne kwana biyu, ko mutum ɗaya bai ambaci madara ba. Da can da na tashi na yi musu tatas. Wannan karon na sunkuyar da kai ina amsa gaisuwa.

Safiyar sadakar uku na fito bayan asuba don in zuba wa awaki harawa, maƙwabciyar tana can cikin mata wajen girki. Ina jan igiyar jar akuyar da ta fi nono, jikanyar jikanyar wadda ta shayar da ni, sai idona ya kai kan kafa. Ƙoƙo ne a ajiye, an rufe da faifai. Tsoho, ya yi baƙi don amfani, da ɗinki a bakinsa. Na tsaya ina kallonsa har akuyar ta fizge igiya. Kwana uku kacal. Da ta ƙara kwana uku a duniya da ta gani.

Ban taɓa tatsa ba a rayuwata. Na ɗebo ruwan ɗumi daga murhun mata na wanke hantsa kamar yadda na sha ganin tana yi. Na tsuguna, akuyar ta harbe ni, ta taka ƙwarya, na sake wankewa na sake farawa. Yatsuna suka yi tsami, hawaye na zubo mini, ina matsawa da ƙarfi inda ya kamata a lallaɓa. Da ƙyar na sami rabin abin da Goggo ke samu. Na tafasa, na jira ya huce, na zuba, na rufe da faifan, na tura ta kafa.

Sannan na juya wa darnin baya na kama sharar turaku. Ba a jima ba na ji takun mutum a hankali ta waje, ya tsaya, kara ya motsa, takun ya yi nisa. Ban waiwaya ba. Ba na bukatar waiwaye, don na san ɗinkin nan tun ina zuwa hutu, na san gidan da ya fito. Maƙwabciyar ce ta gaji awakin, daga baya ta ce mini daga ranar nan ƙoƙon ya yi wata biyu yana zuwa. Gida ɗaya nake da ikon faɗa a cikin duk waɗanda suka sha madarar Goggo, shi ne namu, na kuwa faɗa a nan. Na ƙoƙon nan ban gaya wa ko matata ba.